Mai Bin Sawun Suna

A cikin masu cin abinci da kwamfuta, shi ne wanda ba shi da shago. Mai gyaran allo da batir yana da teburinsa a titin Beirut na Kano ko a Banex ta Abuja, ga sukudireba, ga ƙarfen narka dalma, ga tarin matattun kwamfutoci a bayansa suna yi masa talla. Wannan kuwa duk kayan aikinsa ba su cika jakar goyo ba: laftof ɗaya, guntun kebul, filas, da waya mai data. A gabansa ana ce masa Injiniya. A bayan idonsa yaron netwok ne, ko da ya yi furfura. Banki yana da irinsa, asibiti yana da shi, kamfanin siminti da ƙungiyar agaji da ma'aikatar gwamnati duk suna da shi, kuma ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da aiki ya tsaya.

Ƙorafin da ya fi ji a waya lafazinsa ɗaya ne ko daga bakin wa ya fito: “Injiniya, ya haɗa, ya nuna kore, amma ba ya buɗewa.” Abin da ya haɗa ɗin shi ne VPN, wato bututun sirri da ake ja ta cikin intanet daga kwamfutar ma'aikaci zuwa netwok ɗin ofis, don wanda ke gida ko a reshe ya yi aiki tamkar yana hedkwata. Abin da ya ƙi buɗewa kuwa manhajar albashi ce, ko rumbun fayiloli, ko shafin cikin gida da ake neman hutu a kai. Mai ƙorafin bai yi ƙarya ba. Bututun ya haɗu, ga alamar kore nan, data ma ba ta ƙare ba, tunda YouTube na tafiya sumul a gefe. Abin da ya lalace yana tsakani, kuma sau da yawa suna ne.

Kwamfuta ba ruwanta da suna, lamba ta sani. Duk na'urar da ke kan netwok tana da adireshinta na lambobi, mutum kuwa suna yake iya riƙewa, don haka dole a samu mai fassarawa. A zamanin ARPANET, kakar intanet, fayil ɗaya tak ke ɗauke da sunayen na'urorin da lambobinsu. Sunansa HOSTS.TXT, yana cibiyar bincike ta SRI a Kalifoniya, a hannun Elizabeth Feinler da abokan aikinta. Wanda ya kafa sabuwar na'ura sai ya buga musu waya ko ya aika saƙo a rubuta ta, kowa kuma ya riƙa zuwa yana kwafo sabon fayil. Da na'urori suka yi yawa abin ya gagari kundila. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara abin da ake kira DNS, aka sake tace ƙa'idojinsa a 1987, kuma a kansu ake tafiya har yau.

A sabon tsarin ba mai riƙe da sunaye duka. Kwamfutarka tana tambayar sabar da aka nuna mata, sabar kuma ta tafi ta tambayo mata. Sai ta fara da sabobin tushe, waɗanda sunayensu 13 ne daga A zuwa M, su tura ta wurin masu riƙe da wutsiyar sunan, misali .ng da ke hannun hukumar NiRA, su kuma su tura ta wurin mai sunan kansa. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Idan amsa ta zo a ajiye ta na ɗan lokaci, don kada a riƙa maimaita tafiyar.

Sai dai akwai sunayen da duniya ba ta san da su ba. Ofis mai girma yana da sabar sunayensa ta cikin gida, ita kaɗai ta san cewa na'urar da ake kira “albashi” tana lamba kaza. Kamar ɗan fari ne da takardunsa suka ce Muhammadu, amma a gida saboda alkunya kowa Abba yake ce masa. Je ka bakin tasha ka ce a nuna maka gidan su Abba, ka ga abin da za ka samo. Sai ɗan gida ne zai gane wanda kake nufi. Da VPN ya haɗu, kwamfutar ta zama mai ƙofa biyu, ƙofar gida da ƙofar bututu, kowace da sabar sunayenta. Duk sana'ar mutumin nan a kan tambaya guda take: wa kwamfutar ta tambaya? An ce matambayi ba ya ɓata, amma fa idan ya dace da wanda ya sani. Kwamfuta ba ta da wayon ƙara tambaya a gaba. Idan sabar farko ta ce mata babu wannan suna, ta yarda, magana ta ƙare.

Gara a gan shi yana aiki. A ce ƙarshen wata ne, akawun wani ofis tana gida da kwamfutar tebur da aka ba ta, an ja mata kebul daga rautar falo, kuma albashin mutane yana hannunta. Ba zai fara da ce mata ta kashe ta kunna ba, don ta riga ta yi kafin ta kira shi.

“Hajiya, danna alamar Windows, ki rubuta c, m, d, ki danna babban maɓallin nan.”

“Wani baƙin allo ya fito, Injiniya. Kar fa in ɓata wani abu.”

“Ba abin da zai ɓaci. Ki rubuta ping, ki ba da tazara, sai lambar da na turo miki yanzu.”

Lambar ita ce adireshin sabar albashi, irin 10.20.0.15. Layuka huɗu suka fito a jere, kowanne da amsa.

“Madalla, hanya lafiya lau. Yanzu ki sake rubuta ping, amma wannan karon da sunan.”

Layi ɗaya ya fito, kwamfutar ta ce ba ta san mai wannan suna ba.

“To, suna ne.”

Da layuka biyun nan ya raba matsalar gida biyu ya jefar da rabi. Ba kamfanin waya ba ne, ba kalmar sirri ba ce, ba sabar ofis ce ta mutu ba. Wannan gwajin shi ne na farko da mai koyo ke haddacewa, kuma shi ne na farko da ake mantawa idan oga na tsaye a kan mutum yana duba agogo. Daga nan ya sa ta rubuta ipconfig /all ta ɗauko masa hoton allon. A hoton ya ga ƙofofin biyu. Bututun yana nuna sabar ofis kamar yadda ya kamata. Ƙofar kebul kuwa wani ya rubuta mata 8.8.8.8, lambar sabar Google, da hannunsa, watakila ɗanta, watakila wani mai gyara da ya taɓa zuwa.

Sai Hajiya ta faɗi maganar da ta fi duk hoton amfani: “Abin mamaki, a laftof ɗina yana buɗewa, wannan ta tebur ɗin ce kawai take taurin kai.” Nan ne gwani yake murmushi. Windows tana ba kowace ƙofa maki gwargwadon saurinta, kuma mai ƙaramin maki ita ce gaba. Kebul ya fi waifai sauri, don haka makinsa ya fi ƙanƙanta, har yakan sha gaban bututun VPN. A laftof mai waifai bututun ne ke gaba, sai a tambayi sabar ofis, komai ya tafi daidai. A kwamfutar tebur mai kebul sai ƙofar gida ta rigaye, a tambayi Google sunan da ba ta taɓa ji ba. Shi ya sa wannan ciwon ya fi kama kwamfutocin tebur, su da ake ganin sun fi zama lafiya. Ya shiga daga nesa, ya duba makin da Get-NetIPInterface, ya rage wa bututun nasa har ya koma gaba, ya cire lambar da aka rubuta da hannu, ya wanke ma'ajiyar sunaye da ipconfig /flushdns. Albashi ya buɗe.

Bari in tsaya a kan 8.8.8.8, don ni dai a ganina babu lambar da ta jawo wa masu wannan sana'a wahala kamarta. Ba laifinta ba ne. Google ta buɗe wannan sabar ga jama'a a Disamban 2009, Cloudflare ta biyo da 1.1.1.1 a ranar 1 ga Afrilun 2018, kuma dukansu suna da sauri da aminci. A gida, idan sabar kamfanin waya na jan ƙafa, sa su yana magani, nan take shafi ya buɗe, a yaba wa wanda ya sa. Daga nan ta zama maganin kowace cuta. Duk wanda ya taɓa ganin ta yi aiki sau ɗaya sai ya riƙa dasa ta a kowace kwamfuta ya wuce. Wasu ma masu ganin sun waye sukan ce bari a raba gardama, a sa sabar ofis a layin farko, Google a na biyu. Ba su san layi na biyu ba mataimaki ba ne da ake komawa gare shi idan na farko bai sani ba. Ana komawa gare shi ne kawai idan na farko ya yi shiru. Ranar da sabar ofis ta ɗan yi jinkiri, kwamfutar ta juya ga Google, Google ta ce babu, kwamfutar ta riƙe wannan babun a ma'ajiyarta. Sai a samu matsalar da ke zuwa yau ta tafi gobe, wadda ba ta taɓa yarda ta bayyana a gaban Injiniya.

A ofis mai amfani da Active Directory abin ya wuce shafi ya ƙi buɗewa. Kwamfutocin Windows ta hanyar DNS suke gano sabar da ke tantance ma'aikata. Idan an tambayi bare, canjin kalmar sirri ya ƙi zama, rumbun fayiloli ya nuna jan kuros, firinta ta ɓace. Alamomi uku daban-daban, kowanne ana kiran Injiniya a kansa daban, alhali tushensu ɗaya.

Ɗan'uwan 8.8.8.8 a ɓarna shi ne tsohon fayil ɗin nan na zamanin ARPANET, wanda bai mutu ba. Har yau kowace kwamfuta tana da ƙaramin fayil mai suna hosts, a Windows yana can cikin System32, kuma abin da aka rubuta a ciki yakan rigayi tambayar kowace saba. Mai gaggawa sai ya rubuta sunan sabar albashi da lambarta a ciki, ya karɓi godiya ya tafi. Bayan shekara a sauya wa sabar lamba, kowa ya bi, ban da wannan kwamfutar guda, kuma wanda ya yi rubutun ya daɗe da barin aikin. Gwanaye sukan duba fayil ɗin tun da wuri, saboda sun san halin 'yan'uwansu.

Akwai kuma kayan aikin da ke yaudarar mai shi. Kowa ya san nslookup, shi ake fara koya wa ɗalibi. Amma nslookup ba ya bin hanyar da sauran manhajoji ke bi. Ba ya duba ma'ajiyar Windows, ba ya duba hosts, ba ya kula da jadawalin NRPT, wanda da shi wasu manhajojin VPN ke gaya wa Windows cewa sunaye masu wutsiya kaza a kai su sabar ofis. Kai tsaye yake zuwa ya tambayi saba. Saboda haka yana iya kawo amsa mai kyau alhali burauza na kuka, ko ya ce babu alhali komai na tafiya daidai. Wanda ya san haka yakan gwada da ping da Resolve-DnsName, sannan ya ajiye nslookup don aikin da ya fi iyawa, wato a ce masa je ka tambayi wannan sabar takamaimai ka dawo. A Mac ma haka dig da nslookup suke, gaskiyar tana wurin scutil --dns. Idan duk sun rikice sai a kunna Wireshark, manhajar da Gerald Combs ya fitar a 1998 da sunan Ethereal, a tace zirga-zirgar tashar 53, a ga tambayar da ido tana fita, a ga ƙofar da ta bi. Bayan wannan ba sauran gardama.

Wani lokacin ma sabar daidai aka tambaya, sunan ne bai cika ba. A ofis mutum ya saba rubuta “albashi” kawai, kwamfutar ta ƙarasa masa wutsiyar da kanta. Idan VPN bai turo wutsiyar ba, guntun sunan ya faɗi, cikakken ya wuce. Gyaran layi ɗaya ne a sabar VPN.

Babbar shawarar da ke gabansa kuwa ba a kwamfutar ma'aikaci take ba, tana wurin tsara bututun. Ko dai a tura komai ta ciki, har da labaran ƙwallo da kallon wa'azi, ko a raba, na ofis ya bi bututu, saura ya bi ƙofar gida. Tura komai ya fi sauƙin ganewa, amma yana shaƙe layin hedkwata, kamar yadda ofisoshi da yawa suka gani a kullen korona na 2020, lokacin da ma'aikata suka koma gida rana ɗaya. Rabawa ta fi sauƙi ga layi, amma ita ce uwar rikicin suna, don dole a raba tambayoyin ma. Microsoft ta so ta sauƙaƙa abin tun daga Windows 8, a Windows 10 har takan aika tambaya ta dukkan ƙofofi lokaci guda. Ta sauƙaƙa wani abu ta ɓallo wani: sunayen da ya kamata su tsaya cikin bututu sai suka riƙa yoyo zuwa sabar kamfanin waya. OpenVPN, wanda James Yonan ya fitar a 2001, sai da aka ƙara masa umarnin block-outside-dns don toshe wannan yoyon. Tsarin adireshi na IPv6 ma yakan buɗe tasa ɓarauniyar hanyar idan bututun bai san da shi ba.

A nan ne amana ta shigo cikin sana'ar. Wanda ke riƙe da sabar sunaye yana iya ganin sunan kowane shafi da kowace kwamfuta ta nema, ko da bai ga abin da ke ciki ba. Idan komai na bi ta bututu, ma'aikacin da ya manta bai kashe VPN ba da dare ya ajiye wa ofis jerin inda ya shiga, asibitin da ya bincika, kamfanin da yake neman aiki a ciki. Injiniyan kirki ba ya leƙa wannan rajistar sai aiki ya kai shi, ba ya kuma zama ɗan rahoton oga. Ina ganin hakkinsa ne ma ya gaya wa ma'aikata tun ranar da ya sa musu manhajar cewa ga abin da ake iya gani. Kaɗan ne ke yin hakan.

Masu Linux nasu rikicin daban ne, kuma sun fi kowa jin daɗin ba da labarinsa. Fayil ɗin resolv.conf ƙarami ne, sabobi uku kawai yake ɗauka, amma masu son rubutu a cikinsa sun yi yawa: NetworkManager, da systemd-resolved, da manhajar VPN, da mai kwamfutar kansa. A Ubuntu idan ka buɗe shi sai ka ga 127.0.0.53, wanda ba saba ce ta waje ba, kwamfutar ce ke nuna kanta, ainihin bayanin yana wurin resolvectl status. OpenVPN a Linux an daɗe ana haɗa masa ƙaramin rubutun taimako kafin ya iya sauya sabar sunaye. WireGuard na Jason Donenfeld, wanda ya shiga zuciyar Linux a Maris ɗin 2020, shi ma yakan jingina da resolvconf, idan babu shi ya tsaya. Mai gyara da hannu ya gyara, minti kaɗan wani ya zo ya goge.

Sannan ga gadon da aka bar wa masu sana'ar, wutsiyar .local. Shekaru da yawa ofisoshi suna raɗa wa netwok ɗinsu suna mai ƙarewa da ita, har sabar Microsoft ta ƙananan kamfanoni ita take ba da shawara. A 2013 aka keɓe .local a hukumance don na'urorin da ke neman junansu a ɗaki ɗaya, irin yadda Bonjour na Apple ke gano firinta. Sai Mac da wasu Linux suka riƙa shelanta irin waɗannan sunaye a cikin falon gida maimakon su aika su ta bututu. Sauya sunan netwok ɗin ofis gaba ɗaya aiki ne da ba mai son ɗauka, don haka ake ta lallaɓawa. ICANN ta keɓe .internal a 2024 don amfanin cikin gida, amma wannan sai masu sabon gini.

Burauza ma ta fara cin gashin kanta. Tun da aka fitar da ƙa'idar ɓoye tambayar suna cikin HTTPS a 2018, Firefox ta kunna ta ga mutanen Amurka a Fabrairun 2020, Chrome ta kawo tata a shekarar. Wanda ya zaɓi wata saba a cikin burauzarsa ya tsallake duk saitin da Injiniya ya yi wa kwamfutar. Alamarta a bayyane take: ping ya san sunan, wata burauzar ta buɗe, wannan ta ƙi.

Masu sana'ar suna da barkwancin cewa duk rigimar da aka bi diddiginta DNS ce. Barkwancin yana da haɗari, don akwai masu shigar burtu. Mafi yawa a cikinsu shi ne karon lambobi. Tun 1994 aka ware wasu jerin adireshi don amfanin cikin gida, masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Rautocin gida kusan duk 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 suke zuwa da shi, MiFi ɗin Huawei kuma 192.168.8.1. Idan wanda ya kafa netwok ɗin ofis tun farko ya yi kasala ya bar shi a 192.168.1, to ma'aikacin da rautarsa ke kan wannan jerin ya shiga uku. Kwamfutarsa ta san sabar da za ta tambaya, amma tana ganin lambar ta cikin gida ce, sai ta neme ta a falo. Daga waje kamar matsalar suna, a ciki matsalar hanya ce. Gwajin ping na farkon nan shi ke tona ta, don lambar ma ba za ta amsa ba. Haka nan idan ƙunshin bayanai ya fi ƙarfin bututun, domin kebul na ɗaukar bayit 1500 amma WireGuard kan tsaya a 1420, ƙananan tambayoyi su wuce, manya su maƙale.

Wata ranar kuma babu abin gyarawa sam, kuma gane hakan ma gwaninta ce. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida, a Najeriya daga bayan la'asar har dare ya yi nisa. Kuskuren saiti ne ya yanke hanyoyin zuwa sabobin sunayen kamfanin, duniya ta nemi sunan ta rasa, har kayan aikin injiniyoyinsu na ciki suka tsaya. Mutane nan suna ta kashe waya suna kunnawa, suna zagin kamfanin layi. Ranar 14 ga Maris 2024 kuwa igiyoyin ƙarƙashin teku ne suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta fama. A irin waɗannan ranaku aikinsa shi ne ya hana mutane taɓa saiti, don ɓarnar da ake yi wajen gyaran abin da bai lalace ba ita zai kwana yana kwancewa.

Jama'a da yawa a Najeriya sun fara sanin VPN ne lokacin da gwamnati ta rufe Twitter, daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022. An buɗe Twitter, amma manhajojin kyauta da aka sauke ba duka aka cire ba, wasu har a kwamfutocin aiki. Kowace ta kafa ƙofarta ta ƙarya da makinta da sabarta. Idan bututu biyu suka haɗu a kwamfuta ɗaya sai su yi ta kokawa a kan wanda za a tambaya. Shi ya sa cikin tambayoyinsa akwai wadda yake yi da murya ƙasa-ƙasa: “Ranka ya daɗe, akwai wani VPN ɗin ban da na ofis?” Amsar farko a'a ce kullum. Jerin ƙofofin ne ke faɗin gaskiya.

Yadda ake shiga sana'ar ba ɓoyayye ba ne. Wasu daga jami'a ko kwalejin fasaha, wasu daga kwas ɗin CCNA na Cisco ko Network+ na CompTIA, da yawa kuma daga zaman koyon aiki ko bautar ƙasa a ƙarƙashin wani oga, suna ɗaukar masa tsani suna matse kan kebul. Takardar tana koyar da yadda abu ke aiki idan yana lafiya. Yadda yake lalacewa kuwa sai a bakin aiki. Kuma rabin gwanintar ba a allo take ba, tana wurin iya tambayar mutum: yaushe ya fara, me aka sa jiya, a gida ne ko a ofis, da kebul ko da waifai, kai kaɗai ne ko har da na kusa da kai. Mai girman kai da ke amsa wa mutane da turancin da ba sa ji ba zai taɓa samun irin maganar da Hajiya ta faɗa game da laftof ɗinta ba. Ladan kuwa sai haƙuri. Mai canza allo yana nuna fasasshen da ya cire. Shi ba shi da abin nunawa, lamba ɗaya ya sauya, har a ce masa, “Wai ɗan wannan ne? Ai da ka faɗa min da na yi da kaina.”

Gwani ba ya tashi don shafi ya buɗe. Sai ya kashe VPN ya ga ko intanet ɗin gida ta dawo, ya sake kunnawa, ya bar kwamfutar ta yi barci ya tashe ta, ya zare kebul ya mayar. Dalilinsa wutar NEPA ce. Laftof tana da batir, idan an ɗauke wuta tana da sukunin rufe bututun cikin tsari. Kwamfutar tebur kuwa faɗuwa take yi nan take, kuma wasu manhajojin VPN da suka sauya saitin sunaye ko suka toshe ƙofar gida ba sa samun damar mayar da abin yadda suka same shi. Washegari a kunna kwamfuta tana ta neman sabar ofis alhali babu bututu, ko shafi ɗaya ba ya buɗewa, har shafin da za a shiga a haɗa VPN ɗin, tunda shi ma da suna ake nemansa. Wannan karon ƙorafin yakan zo da wani lafazin, wai data ta ƙare alhali jiya aka saya. Don haka kafin ya rufe aikin yakan rubuta abin da ya sauya da dalilinsa a inda na bayansa zai gani, ya nuna wa mai kwamfutar inda ake mayar da saitin sunaye ya zama na kai tsaye, sannan ya rubuta wa sashen sayayya takardar neman UPS, wadda ya san sai ya bi ta da ƙafa.